Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Makarantun Koyon Aikin Jinya Na Legas Da Majalisar Kula Da Aikin Jinya Da Ungozoma Ta Nijeriya

Ranku ya daɗe, iyayenmu kuma malamanmu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina neman izininku in gabatar da wata magana da ta daɗe tana cina a rai. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta koyon aikin jinya a nan Legas, haifaffiyar Agege, kuma Bahaushiya. Na rubuta da harshen uwata domin maganar ta isa kunnen mutanenmu, waɗanda su ma suna da kaso a cikinta, ina kuma da yaƙinin cewa a cikinku akwai masu jin Hausa da za su isar da ita ga sauran. Maganar ta shafi yadda ake horar da mu a ɗakunan marasa lafiya, musamman yadda muke koyon mu'amala da masu jinya, wato dangi da 'yan'uwan da ke zaune a gefen gadon mara lafiya dare da rana.

Duk wanda ya bi ta wannan karatu ya san kundin da ake ba ɗalibi idan za a tura shi asibiti. A cikinsa an jera ayyukan da ake so ya iya, kowanne da gurbin sa hannun sistar da ta gan shi yana yi: awon hawan jini da zafin jiki, yin allura, kula da ƙarin ruwa, wankin ciwo, saka robar fitsari, gyaran gado, juya wanda ba ya iya juyawa don kada ya yi gyambon kwanciya. Haka kuma jarrabawar aiki da Majalisa ke shiryawa kafin a ba mutum lasisi tana auna waɗannan abubuwa da kyau, kuma babu ɗalibin da ya isa ya yi wasa da su. Muna godiya da wannan tsauri, domin rayukan mutane ne za a damƙa a hannunmu. A aji ma ba a bar mu haka ba, an karantar da mu ladubban aiki da dabarun sadarwa da halayyar ɗan Adam, mun rubuta jarrabawa a kansu mun ci. Sai dai da zarar mun shiga ɗakin marasa lafiya, ban ga wanda ya tsaya ya kalli yadda ɗalibi ya yi magana da uwar da ɗanta ke numfashi da kyar, ya gyara masa, sannan ya sa hannu ba. Abin da ba a sa masa hannu kuwa, ɗalibi yakan ɗauka ba ya cikin aiki.

Ku kun fi ni sanin matsayin mai jinya a asibitocinmu. Shi ne zai bi layin yankar kati da layin biyan kuɗi, shi zai karɓi takardar magani ya tafi kanti, wani lokaci ya fita waje da tsakar dare yana neman abin da babu a ciki. Shi zai sayo safar hannu da auduga da sirinji, ya kai jini da fitsari ɗakin gwaji, ya koma ya karɓo sakamako, ya nemo waɗanda za su ba da jini idan an ce za a yi tiyata. Shi zai ba da abinci, ya zubar da fo, ya wanke zannuwa, sannan ya shimfiɗa kwali a baranda ya kwana sauro na cizonsa. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, kuma duk da shirin inshora na Ilera Eko da gwamnatin jihar nan ta kawo, yawancin waɗanda nake gani a kan gado da kuɗin hannu ake jinyarsu. Ke nan wannan mutumin da muke kora daga bakin ƙofa shi ne ya sayar da akuyarsa ko babur ɗinsa ya biya kuɗin maganin da muke bayarwa. A watan Fabrairun 2024 Majalisa da kanta ta bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Giɓin da suka bari bai tsaya fanko ba, masu jinya ne suke cike wani ɓangare nasa da hannuwansu, ba tare da wani ya koya musu ba, ba tare da wani ya ce musu sannu ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda muke sauyawa. Ɗaliba takan shigo shekarar farko da taushin zuciya, tana gaida kowa, tana durƙusawa ta yi wa tsohuwa bayani. Kafin ta kai shekara ta uku sai ka ji ta daina kiran mutane da sunansu, tana kiransu da lambar gado, ta koyi amsa tambaya ba tare da ta ɗaga kai daga takarda ba, ta koyi cewa "ku jira likita" a kan abin da ita ma ta san amsarsa kuma tana da ikon faɗa. Babu malamin da ya koya mata haka a allo. Ta gani ne ana yi, ta ga wanda ya yi ba a tsawata masa ba, ta kuma ga wadda ta tsaya yin bayani ana ce mata tana ɓata lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa a waɗannan shekaru ne muke ɗanyu, kuma ɗakin marasa lafiya ya fi aji ƙarfi wajen tanƙwara mu.

Ba na so a ɗauki maganata a matsayin cin fuskar manyanmu. Na ga sista ɗaya tana riƙe da ɗaki cike da gadaje a aikin dare, ga wanda ruwansa ya ƙare, ga wanda ke amai, ga rubutun da dole ta kammala kafin a karɓe ta da safe, sannan bayan ta tashi ta shiga cunkoson motocin Legas kafin ta ga gida. Na ga kuma 'yan'uwan mara lafiya suna zagin ma'aikaciya a kan kuɗin da ba ita ta yanka ba, har da masu ɗaga hannu. Yajin aikin gargaɗi da ƙungiyar ma'aikatan jinya ta shiga a ƙarshen watan Yulin 2025 ya nuna cewa gajiyar ta kai inda ta kai. Duk wannan gaskiya ne, kuma wajibi ne gwamnati ta gyara. Amma ɗalibin da ya ga tsawa kaɗai, bai ji dalilinta ba, bai kuma ga wata hanyar da ta fi ta ba, zai ɗauki tsawar ya tafi da ita ko da Allah ya kai shi asibitin da ma'aikata suka wadata.

Bari in taɓo abin da na fi sani, wato halin mutanenmu Hausawa a wannan gari. Muna da yawa a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da Alaba Rago da Ijora, kuma wasu gidajen sun yi zuriya uku ko huɗu a nan, suna jin Yarabanci kamar 'yan gari. Amma akwai wasu da yawa da neman abinci ya kawo: masu sauke tumatir da albasa a Mile 12, mahauta da masu fataucin shanu a Oko-Oba, direbobin manyan motoci da yaransu a Apapa, masu gadi, masu tura baro, masu facin takalmi. Irin wannan idan ciwo ya kayar da shi, iyalinsa suna can Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi, wanda ya kawo shi asibiti ɗan garinsu ne ko abokin kwanansa a rumfa, wanda ya bar sana'arsa ta yini ya zo ya tsaya masa saboda Allah. Sau da yawa ba ya jin Turanci, Yarabancinsa na ciniki ne kawai. Idan aka miƙa masa takarda aka yi masa magana da sauri, sai ya gyaɗa kai don kada a ce ya raina mutane, ya fita bai fahimci komai ba. Idan ya dawo da abin da ba shi aka ce ba, sai a ɗauke shi mai taurin kai.

Akwai kuma kunya da kawaici, waɗanda ba a rubuta su a littattafan da muke karantawa ba. Bahaushe idan ka tambaye shi ya jiki, zai ce da sauƙi ko da ciwo na cinsa, domin a tarbiyyarsa yawan koke rashin haƙuri ne da ƙaddara. Ma'aikacin da bai san haka ba zai rubuta cewa mara lafiya ya samu sauƙi ya wuce gado na gaba, alhali da ya zauna ya tambayi mai jinyar ko ya yi barci jiya, ko ya ci abinci, ko ya iya tashi ya yi alwala da kansa, da ya ji gaskiyar lamari. Matar aure ba za ta faɗi ciwon da ya shafi al'aurarta a gaban surukarta ko ƙanin mijinta ba, dattijo ba zai so 'yarsa ta ga tsiraicinsa ba, uwa takan yi kara a kan ɗan fari har ta zama kamar ba ta damu ba alhali zuciyarta na ƙuna. Kowace ƙabila a Legas tana da irin nata, Bayarabe da Ibo da Egun da mutanen Kwatano da ke tsallakowa neman magani. Ba na neman a ware mu a yi mana gata, ina neman a koya wa ɗalibi cewa kafin ya yanke hukunci a kan shirun mutum ko hayaniyarsa, ya nemi sanin abin da ke ƙarƙashinsu.

Maganar dubiya ma haka take. A wurinmu zuwa duba mara lafiya haƙƙi ne da addini ya ɗora, shi ya sa za ka ga mota guda ta cika daga kasuwa an taho gaida mutum ɗaya. Gaskiya ne ɗaki ba zai ɗauki wannan taro ba, ga hatsarin yaɗa cuta, ga sauran marasa lafiya da ke buƙatar hutu. Amma na shaida da idona cewa idan aka nemi babba a cikinsu aka gaishe shi, aka faɗa masa lokacin dubiya da dalilin ƙayyade shi, aka ce su shiga bibbiyu su wanke hannu, shi da kansa zai tsara su fiye da yadda mai gadi zai iya. Haka nan idan rai ya yi halinsa, gaggawar da dangi ke yi a ba su gawa umarnin addini suke bi na a yi sutura da wuri. Ko da akwai takardun da dole a cika da kuɗin da dole a biya, bayani cikin tausasawa a wannan sa'a abu ne da iyali ba sa mantawa har abada, kamar yadda ba sa manta akasinsa.

Sakamakon rashin bayani ba ya tsayawa a ɓacin rai. Mutum yakan sa hannu ya ɗauke ɗan'uwansa daga asibiti likita bai sallame shi ba, ya saka shi a mota tafiyar kwana da yini zuwa Arewa, saboda kuɗi na ta zuba kuma babu wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa me ake nema, kwana nawa ake tsammani, me zai faru idan aka katse magani. Mai ciwon sukari yakan koma gida ba a nuna wa matarsa yadda ake adana allurarsa da alamomin faɗuwar sukari ba. Mai tarin fuka yakan daina shan magani bayan wata biyu don ya ji ƙarfi, domin ba a jaddada wa na kusa da shi cewa sai an cika wata shida ba. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki yakan dawo da gyambo a gadon baya saboda ba a koya wa 'ya'yansa juya shi duk bayan sa'a biyu ba. Waɗannan duka aikin jinya ne tsantsa, kuma ba sa yiwuwa sai ta bakin ma'aikacin da ya iya magana da dangi.

Doka ma tana tare da wannan magana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta sanar da mara lafiya halin da yake ciki da hanyoyin magani da hatsarinsu da kuɗinsu, ta kuma ce gwargwadon iko a yi haka da harshen da yake ji, a yi la'akari da iyakar karatunsa. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da Mataimakin Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a 2018 ya ambaci haƙƙin a mutunta mutum ba tare da duba ƙabilarsa ko addininsa ko talaucinsa ba, da haƙƙin a zo masa dubiya bisa ƙa'idar asibiti. Sai dai wannan doka ta 2014, a sashe na 26, ta kuma tsare sirrin mara lafiya, kuma a nan ne ɗalibi ya fi buƙatar jagora. Girmama dangi ba ya nufin a kwashe komai a zuba musu. Akwai sakamakon gwajin da bai halatta miji ko suruka su ji daga bakinmu ba sai da yardar mai shi. Matar da ta balaga kuma take cikin hankalinta ita ke da ikon amincewa a yi mata tiyatar haihuwa, ko da yake hikima ce a jawo mijinta cikin shawara tun da wuri don kada a zo ana gardama a ƙofar ɗakin tiyata jini na zuba. Yadda ake tsayawa tsakanin haƙƙin mara lafiya da matsayin danginsa ba a iya shi da haddar sassan doka, sai an ga gwani yana yi.

Wani abu kuma da ya shafe mu mu 'yan tsirarun ɗalibai masu jin Hausa shi ne tafinta. Da an samu wanda ba a fahimtar maganarsa sai a aika a kira mu daga duk inda muke, kuma muna zuwa da farin ciki. Amma akan sa ɗalibar shekara ta biyu ta fassara wa iyali cewa za a yanke ƙafar mahaifinsu ko cewa jariri bai zo da rai ba, ba a taɓa koya mata yadda ake isar da irin wannan labari ba, ba a kuma tambaye ta bayan haka yadda ta ji ba. In ba ma nan, sai a nemi mai shara ko wani mai jinya daga gadon da ke kusa, ko ma yaro ɗan shekara goma ya fassara wa mahaifiyarsa ciwon da bai kamata ya ji ba. A haka sirri ke fita, a haka kuma ma'ana ke karkacewa a kan abin da kuskure ɗaya a cikinsa yana iya cin rai.

Don haka, ranku ya daɗe, roƙona na farko kuma mafi girma shi ne a shigar da mu'amala da masu jinya cikin kundin ayyukan da ake sa wa ɗalibi hannu, da gurabe bayyanannu: tarbar dangi a ranar da aka ba da gado, yi musu bayanin tsarin ɗaki, koya wa mai jinya aikin da zai ci gaba da shi a gida tare da sa shi ya maimaita a gabanka, da kwantar da hankalin wanda ya fusata. A sa shi kuma cikin jarrabawar aiki da maki mai nauyi, yadda ɗalibi zai san ana iya faɗuwa a kansa kamar yadda ake faɗuwa a kan lissafin magani. Ina kuma roƙon malaman da ke bin mu asibiti su riƙa zama da mu ko da rabin sa'a ne a ƙarshen mako, mu faɗi abin da muka gani ba tare da tsoron za a rama a kan makinmu ba, domin yawancinmu muna ganin abin da bai dace ba mu yi shiru saboda sa hannun da muke nema yana wurin wanda ya aikata. Kowane asibitin koyarwa zai iya ajiye sunayen ma'aikatansa da harsunan da suke ji, a ba su ɗan horo a kan tafinta da riƙon sirri, wannan ba ya cin kuɗi mai yawa. Sistocin da suka iya wannan fanni kuwa, kuma wallahi akwai su, waɗanda za ka ga dangi na sa musu albarka a ranar sallama, a san da su, a riƙa tura ɗalibai ƙarƙashinsu da gangan.

Ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwanni na Legas da wannan wasiƙa za ta iso gare su, ku ma ina da roƙo a wurinku cikin ladabi. Ku ja kunnen mutanenmu cewa ma'aikaciyar jinya 'yar wani ce kuma matar wani ce, zaginta ko ɗaga mata hannu haramun ne kuma laifi ne a doka. Ku koya musu su zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa da zai riƙa karɓar bayani a madadin iyali, su riƙa tambaya idan ba su gane ba maimakon gyaɗa kai. Sannan ku bar 'ya'yanku mata da maza su shigo wannan karatu. Aikin yana da asali a addininmu: Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti a Madina inda take jinyar masu rauni, kuma a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handak domin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya riƙa duba shi daga kusa. Muddin yaranmu ba su shigo ba, matanmu za su ci gaba da naƙuda a hannun waɗanda ba sa jin abin da suke faɗa.

Sabbin ɗalibai za su fita asibiti a zango mai zuwa kamar yadda muka fita. Ina roƙon ko da makaranta ɗaya ce ta gwada ƙara waɗannan gurabe a kundinsu kafin lokacin, ta kuma tambayi masu jinya ra'ayinsu a ranar sallama, sannan ta kai wa Majalisa abin da ta samu. Mu da muke shirin fita a shirye muke mu zauna da duk malamin da yake son jin dalla-dallar abin da muka gani.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Taku cikin girmamawa,
Ɗalibar aikin jinya, Agege, Legas.